Akantan Da Ya Kai Habre Kotu

Da safiyar ranar 1 ga Disamba 1990, fursunonin da ke tsare a gidajen yarin sirri na birnin Injamena suka wayi gari masu gadinsu sun watse. Shugaban ƙasa Hissene Habre ya haye Kamaru, dakarun Idriss Deby suna dab da shigowa gari, su kuwa mutanen da suka shekara takwas suna riƙe da rayukan jama'a a tafin hannunsu, kowa ya yi ta kansa. Ƙofofi suka buɗe. Mutane suka riƙa fitowa titi ƙashi da rai, wasu ko tsayuwa ba sa iyawa sai an tallafe su.

Cikin masu fitowar akwai wani mutum mai suna Sulaiman Guengueng. Shi ba soja ba ne, ba kuma ɗan siyasa ba. Akanta ne a Hukumar Tafkin Chadi, hukumar nan da Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka haɗu suka kafa a 1964, mai hedikwata a Injamena. Aikinsa lissafi ne, abin da ya shigo da abin da ya fita, rasit da sa hannu. A watan Agusta 1988 jami'an tsaro suka ɗauke shi bisa zargin yana taimaka wa 'yan adawa. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kuma faɗa masa ranar fita ba. Shekara biyu da wata huɗu ya yi ana yawo da shi daga wannan kurkuku zuwa wancan. An ajiye shi a ɗakin da babu ko ɗigon haske, an kuma ajiye shi a inda fitila mai ƙarfi ke haska masa ido dare da rana, har ganinsa ya kusa tafiya. Cututtuka suka yi masa rubdugu. Yana kallo abokan zamansa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wani da zazzaɓi, wani da yunwa, wani da raunin azaba.

Sulaiman Kirista ne mai riƙo da addininsa. A cikin wannan ɗaki ya yi wa Allah alkawari cewa in ya fita da ransa, zai ƙarar da sauran kwanakinsa wajen faɗin abin da ya gani da neman hakkin waɗanda suka mutu a gabansa. Mutum nawa ne suka yi irin wannan alkawari a cikin ƙunci, da sauƙi ya zo suka manta? Shi bai manta ba, kuma cika alkawarin ya ci masa shekara ashirin da biyar.

Ba za a gane nauyin abin da ya ɗora wa kansa ba sai an san irin ƙasar da aka yi alkawarin a cikinta. Habre ya ƙwaci mulki ranar 7 ga Yuni 1982, bayan ya kori shugaba Goukouni Oueddei. Mutum ne mai ilimi da ya yi karatu a Faransa, ya kuma san daji, don ya daɗe yana tawaye a hamadar arewa. A watan Janairu 1983 ya kafa hukumar leƙen asiri da ake kira DDS, wadda ba ta karɓar umarni daga kowa sai daga gare shi. Mutum huɗu ne suka shugabance ta a tsawon mulkinsa, dukkansu na jikinsa, ɗaya ma, Guihini Korei, jininsa ne. A wata takarda da hukumar ta rubuta da kanta, ta kira kanta ido da kunnen shugaban ƙasa, ta kuma kwatanta aikinta da saƙar gizo-gizo da ta rufe ƙasar baki ɗaya. Ba maƙiyanta ne suka yi mata wannan kirari ba, ita ce ta yi wa kanta, kuma da alfahari.

Saƙar ta kama ko'ina. Akwai 'yan rahoto a unguwa, a kasuwa, a ofis, a tasha. Jam'iyya ɗaya tilo da aka yarda da ita, UNIR, wadda aka kafa a 1984, ita ma ta zama wata kafar kai tsegumi. Waɗanda suka rayu a lokacin suna ba da labarin yadda magidanci ke tauna magana kafin ya furta ta a gaban matarsa da 'ya'yansa, don bai san inda za ta kwana ba. Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya, to a Chadin wancan zamani karin maganar ta tashi daga misali ta zama zahiri. Kalma ɗaya a wajen shan shayi ta isa a zo da mota cikin dare. In an tafi da mutum, iyalinsa ba su da inda za su je tambaya, don mai tambaya ma yana iya bin sahu. Ba gawa, ba kabari, ba sanarwa. Mace ba ta san ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira ba. Dangi suna tsoron zaman makoki, domin yin makoki tamkar faɗa wa duniya ne cewa gwamnati ta kashe musu mutum.

Ba kuma mutum ɗaya ɗaya kaɗai ake bi ba. A 1984 aka afka wa mutanen kudu, a kisan da har yau ake kira Baƙin Satumba. A 1987 aka juya kan ƙabilar Hajarai. A 1989, bayan Deby da wasu manyan hafsoshi sun ɓalle, aka shiga kama Zagawa, babba da yaro, don kawai sun haɗa ƙabila da waɗanda suka gudu. Kowane rukuni yana kallo ana cin na gabansa, yana shafa wa gemunsa ruwa, yana fatan shirunsa zai cece shi, har layi ya iso kansa.

Mafi sharrin gidajen yarin shi ne wanda ake kira La Piscine, wato wurin ninkaya. Asalinsa kuwa wurin ninkaya ne na zamanin Turawan mulkin mallaka, aka rufe samansa da kankare, aka yanka cikinsa ƙananan ɗakuna, aka riƙa cusa mutane ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya san zafin Maiduguri a watan Afrilu ya san zafin Injamena, sai ya ƙiyasta yadda ɗaki irin wannan zai kasance in an cika shi da mutane har ba wurin miƙe ƙafa. In wani ya mutu, gawarsa takan kwana ta wuni a cikin masu rai kafin a zo a ɗauka. Wasu da suka tsira sun shaida cewa har akan ɗora kai a jikin gawa, saboda ita kaɗai ce abu mai sanyi a ɗakin. Akwai kuma ɗaurin da ake kira arbatashar, wato sha huɗu da Larabcin Chadi: a haɗa hannuwa da ƙafafu ta baya a ɗaure tamau har ƙirji ya banƙare, jini ya daina gudu, wasu hannayensu suka shanye har abada.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tsarin shi ne abin da ake yi wa wanda za a saka. Kafin ya fita sai an sa shi ya rantse, Musulmi da Alƙur'ani, Kirista da Littafi Mai Tsarki, cewa ba zai faɗa wa kowa abin da ya gani ko ya ji ba. Dubi wannan mugunta. An ɗauki tsoron Allah da ke zuciyar bawa an mai da shi kwaɗon rufe bakinsa. Mutum ya koma gida, ya zauna cikin iyalinsa, jikinsa duk tabo, kowa na gani, ba mai tambaya, shi ma ba ya cewa komai. Unguwa duka ta karanta saƙon a jikinsa ba tare da an furta kalma ɗaya ba. Wanda aka saka ya fi wanda aka kashe yi wa gwamnati aiki, don shi kullum ana ganinsa. Kuma tun da kowa ya kame bakinsa, kowa sai ya ɗauka shi kaɗai abin ya sama, ko kuma akwai wani laifi da ya yi da ya jawo masa.

Duk wannan ana yin sa ne duniya na kallo. Amurka da Faransa suna ganin Habre a matsayin katangar da ta tare Gaddafi na Libiya, wanda sojojinsa ke arewacin Chadi, don haka suka ba shi makamai da kuɗi da horo. A watan Yuni 1987, 'yan watanni bayan dakarunsa sun fatattaki na Libiya a Wadi Dum, shugaba Ronald Reagan ya karɓe shi a fadar White House. Ɗan Chadin da ke tunanin kai kuka waje, wa zai kai wa?

Duk da haka an samu waɗanda suka ƙi yin shiru tun ana cikin wutar. Akwai wata mata soja mai suna Rose Lokissim, da aka kama a 1984 aka tsare a gidan yarin da ake kira Les Locaux, har aka jefa ta ɗakin maza na tsawon watanni don a karya ta. Ita kuwa sai ta riƙa rubuta sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda aka fita da su ba su dawo ba a 'yan guntayen takardu, tana fitar da su a ɓoye zuwa ga danginsu. Aka kai rahotonta. Ranar 15 ga Mayu 1986 jami'an DDS suka yi mata tambayoyi, suka kuma rubuta amsarta a rahotonsu: ta ce musu ko da za ta mutu a kurkuku ba ta nadama, Chadi za ta gode mata, tarihi kuma zai yi maganarta. Suka rubuta cewa ba ta gyaruwa. A ranar aka kashe ta. Su da suka rubuta wannan rahoto suka jefa a fayil, ba su san cewa da hannunsu suka adana mata wasiyyarta ba.

Mu koma ga Sulaiman. Wanda bai san mulkin tsoro ba zai zaci ranar da azzalumi ya gudu ranar tsoro ke bin bayansa. Ba haka abin yake ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya zabura, ballantana a nan macizan suna nan da ransu. Deby da ya karɓi mulki tsohon babban hafsan sojan Habre ne. Da yawa daga jami'an DDS sun sauya kaki kawai suka koma aiki a 'yan sanda da sabuwar hukumar tsaro. Mutum zai je ofishin gwamnati neman takarda, ya tarar da wanda ya ɗaure shi arbatashar zaune a bayan tebur. Gaskiya ne sabuwar gwamnati ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mahamat Hassan Abakar, wadda a 1992 ta fitar da rahoto, ta ƙiyasta cewa an kashe mutum 40,000, ta ce Habre ya kwashe fiye da CFA biliyan 3 daga baitulmali a kan hanyarsa ta gudu, ta kuma nemi a hukunta masu laifi. Aka karɓi rahoton aka ajiye, ƙura ta rufe shi. Shi kuwa Habre yana Dakar, babban birnin Senegal, a gidansa na alfarma, ya yi abokai cikin manyan gari, ana gaishe shi da girmamawa.

Sulaiman ba shi da kuɗi, ba shi da lauya, ba shi da wani babba a sama. Abin da ya iya shi ne aikin akanta, sai ya yi shi. A 1991 shi da wasu tsofaffin fursunoni suka kafa ƙungiyar waɗanda aka zalunta, ya shiga bin mutane yana roƙon su faɗa masa abin da ya same su. Kowane mutum da takardarsa: suna, ranar kamu, inda aka tsare shi, irin azabar da aka yi masa, in ya mutu wa ya gani, da hoto in an samu. A ganina a nan ne labarin ya juya, tun kafin wani lauya ko alƙali ya shigo cikinsa. Tsoron da aka gina da raba mutane, kowa da nasa ciwon a ɓoye, ya fara tsagewa ne ranar da gwauruwa ta ga cewa takardar mijinta tana kan ta wani, ta wani kuma tana kan ta wani, ɗaki ɗaya, wata ɗaya, hannu ɗaya. Abin da take ɗauka ƙaddarar gidanta ce kaɗai, ashe tsari ne da wasu mutane masu suna suka zauna suka shirya. Kuma duk wanda ya buɗe baki ya ba da labarinsa ya karya rantsuwar da aka tilasta masa, ya kwana ya tashi, ya ga sama ba ta faɗo ba.

Ya tara takardu 792. Daga nan barazana ta yi yawa, ya ga in ya ci gaba a fili za a hallaka shi a ƙone takardun. Sai ya ɓoye su a gidansa, ya koma bakin aikinsa na lissafi, ya yi gum. Shekaru suka wuce. Kada mai karatu ya ɗauka Sulaiman mutum ne da aka halitta ba tsoro. Ya ji tsoro, ya kuma yi lissafi da shi kamar yadda mai hankali ke yi. Abin da bai yarda ba shi ne tsoron ya sa shi yaga takarda ko ɗaya.

A watan Oktoba 1998 aka kama tsohon shugaban mulkin sojan Chile, Augusto Pinochet, a Landan bisa sammacin wani alƙalin Sifen. Labarin ya zaga duniya: ashe ana iya kama tsohon shugaba a ƙasar da ba tasa ba saboda azabtar da mutanensa. Wata lauya 'yar Chadi mai kare hakkin ɗan Adam, Delphine Djiraibe, ta tuntuɓi Reed Brody na ƙungiyar Human Rights Watch, ta ce su ma suna da nasu Pinochet ɗin a Dakar. A 1999 aka turo masu bincike Injamena, aka haɗa su da Sulaiman, ya fito musu da abin da ya shekara da shekaru yana ɓoyo. Da waɗannan takardu aka shigar da ƙara a Dakar a watan Janairu 2000. Sulaiman yana cikin mutum bakwai da suka sa sunansu a fili a matsayin masu ƙara, alhali ya san Injamena zai koma ya kwana, cikin mutanen da yake tona wa asiri. Ranar 3 ga Fabrairu 2000 alƙali Demba Kandji ya tuhumi Habre, ya yi masa ɗaurin talala.

Murna ba ta daɗe ba. Abdoulaye Wade ya hau mulkin Senegal, aka ɗauke alƙalin daga kan shari'ar, kotunan sama suka ce ba su da hurumin sauraron laifin da aka aikata a wata ƙasa. A gida kuma tsofaffin jami'an DDS suka nuna cewa har yanzu suna da haƙora. Lauyar masu ƙara, Jacqueline Moudeina, ta shigar da ƙarar wasunsu a kotun Injamena. Ranar 11 ga Yuni 2001, tana cikin mata masu zanga-zangar lumana a gaban ofishin jakadancin Faransa kan zaɓen da aka yi, aka jefa gurneti ya fashe a gabanta. Kwamandan 'yan sandan da ke wurin a ranar tsohon jami'in tsaron Habre ne, yana kuma cikin waɗanda ta kai ƙara. Ta shafe fiye da shekara tana jinya a Faransa. Kowa ya fahimci saƙon, irin na dā ne: ku dubi abin da ya same ta, ku shiga taitayinku. Da ta samu sauƙi sai ta dawo Injamena, da ɓaraguzan gurneti a ƙafarta, ta ɗauki fayil ɗinta daga inda ta ajiye. Shi ma Sulaiman ya rasa aikinsa, daga baya dole ta sa ya koma Amurka da zama, bai kuma saki shari'ar ba.

A wannan shekara ta 2001 wani abin mamaki ya faru. Reed Brody da abokin aikinsa Olivier Bercault suka samu izinin shiga tsohuwar hedikwatar DDS da aka yi watsi da ita. Suka tarar da ɗakuna cike da takardu a warwatse a ƙasa, ƙura ta lulluɓe su, fiye da shekara goma ba wanda ya damu ya ƙone su. Rahotannin 'yan leƙen asiri, jerin sunayen fursunoni na kullum, takardun shaidar mutuwa, bayanan tambayoyi, har da rahoton ranar ƙarshe ta Rose Lokissim. 'Yan ƙungiyar su Sulaiman suka shafe watanni suna tsincewa suna jerawa. Da aka gama lissafi, takardun sun ƙunshi sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da mutum 12,321 da aka ci zarafinsu ta hanyoyi daban-daban. An kuma ga saƙonni 1,265 da DDS ta aika wa Habre kai tsaye game da fursunoni 898. Ashe azzalumin ma yana da nasa akantocin. Lissafinsu da na Sulaiman aka ajiye gefe da gefe, suka yi daidai, kuma daga ranar babu sauran wanda zai ce shugaba bai san abin da ake yi da sunansa ba.

Shekarun da suka biyo baya na jan ƙafa ne, ba sai na tsaya a kansu ba. Masu ƙara suka tafi Beljiyam, alƙalin can ya je Chadi ya shiga La Piscine da ƙafarsa, a 2005 ya ba da sammacin kama Habre. Senegal ta miƙa maganar ga Tarayyar Afirka, ita kuma a 2006 ta ce Senegal ta yi masa shari'a da sunan Afirka. Wade ya ce sai an ba shi kuɗi, aka yi alkawarin kuɗi, ya kawo wani uzurin. Ana haka masu ƙara suna ta mutuwa, wasu da ciwon da suka fito da shi daga kurkuku. Sai ranar 20 ga Yuli 2012 Kotun Duniya da ke Hague ta umarci Senegal ta gurfanar da shi ba tare da ɓata lokaci ba ko ta miƙa shi. Lokacin Macky Sall ya riga ya karɓi mulkin Senegal daga hannun Wade. Aka kafa kotu ta musamman a Dakar tare da Tarayyar Afirka, aka kama Habre ranar 30 ga Yuni 2013.

An buɗe shari'ar ranar 20 ga Yuli 2015. Habre ya ce bai san da kotun ba, ya yi ta ɗaga murya yana zagin 'yan mulkin mallaka har aka fitar da shi. Da aka dawo zama a watan Satumba, ɗaukarsa jami'an tsaro suka yi cak suka shigo da shi, suka zaunar. Daga nan ya naɗe fuskarsa da farin rawani, ya sa baƙin tabarau, ya yi shiru har ƙarshen shari'ar. Mutumin da ya rufe bakin ƙasa guda shekara takwas, yau shi ne mai shiru, waɗanda ya sa su rantsuwa kuma su ne masu magana, ana nuna su a talabijin, mutanen Chadi suna kallo daga gida.

Shaidu 93 suka yi bayani. Clement Abaifouta, wanda aka kama yana ɗalibi a 1985, ya faɗi yadda ya shekara huɗu ana tilasta masa haƙa ramuka yana binne abokan zamansa a wani fili da ke bayan gari, Hamral-Goz, wanda mutane suka sa wa suna filin matattu. Sulaiman ya tsaya da tabaransa mai kauri, 'yan taku kaɗan daga Habre, ya faɗi abin da ya yi wa Allah alkawarin zai faɗa. Sai kuma matan da aka kai sansanin soja na Wadi Dum a 1988, aka mai da su bayin sojoji, da rana wanki da girki, da dare fyaɗe. Su tsoronsu biyu ne, na hukuma da na bakin duniya, kuma duk wanda ya san al'adunmu na wannan yanki ya san na biyun yakan fi na farko nauyi. Kusan shekara talatin suna ɗauke da wannan abu. Ɗaya daga cikinsu, Khadija Hassan Zidane, ta tsaya a gaban alƙalai, Habre na zaune a gefe, ta ce shi da kansa ya yi mata fyaɗe har sau huɗu. Shafin intanet na magoya bayansa ya bi ta da zagi da ƙazafi, irin makamin da aka saba jifan mace da shi. Ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Ranar 30 ga Mayu 2016 shugaban alƙalan, Gberdao Gustave Kam ɗan Burkina Faso, ya karanta hukunci: an sami Hissene Habre da laifin cin zarafin bil Adama, da laifukan yaƙi, da azabtarwa, an yanke masa ɗaurin rai da rai. Zauren ya kaure da guɗa da kuka, zawarawa suna rungumar juna. Wannan ne karo na farko da kotun wata ƙasa ta hukunta tsohon shugaban wata ƙasar saboda take hakkin ɗan Adam, kuma a Afirka aka yi shi, alƙalan Afirka suka yanke, talakawan Afirka suka kawo ƙarar. Ranar 27 ga Afrilu 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ɗaurin. Ta cire laifin fyaɗen da Khadija ta faɗa saboda ba ya cikin takardar tuhuma ta asali, amma ta bayyana cewa ba ta ƙaryata shaidarta ba. Habre ya mutu a Dakar ranar 24 ga Agusta 2021 da cutar korona, yana da shekara 79, yana fursuna.

Saura hakkin masu rai. Kotun Dakar ta yanke a biya mutum 7,396 diyyar CFA biliyan 82, ta ɗora wa wani asusu na Tarayyar Afirka nauyin tara kuɗin. Tun kafin nan, a watan Maris 2015, wata kotu a Injamena ta ɗaure tsofaffin jami'an tsaron Habre su 20, ciki har da Saleh Younous, shugaban DDS na farko, ta yanke diyyar CFA biliyan 75, ta kuma umarci gwamnati ta gina wurin tunawa da mamatan, ta mai da hedikwatar DDS gidan tarihi. Shekaru suka yi ta wucewa tsofaffi suna zanga-zanga a titunan Injamena, wasu da sanda, wasu a keken guragu, suna neman abin da kotu ta riga ta ce nasu ne. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba CFA biliyan 10, abin da bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na jimillar hukuncin biyu ba, kuma da yawa daga masu hakkin sun riga sun kwanta dama.

Waɗannan mutane sun yi nasu. Sun fito da sunayensu a fili lokacin da yin haka na iya cin ransu, sun faɗi abin da aka rantsar da su kada su faɗa. Ina kira ga Tarayyar Afirka da gwamnatin Chadi, da Amurka da Faransa da suka ɗaure wa Habre gindi yana wannan aika-aika, su biya sauran kuɗin nan tun waɗanda suka rage suna da rai.